Kwalejin Shekara Biyu a Amurka: Yadda Ake Shiga, Yadda Ake Zama, da Yadda Ake Fita da Abin Hannu

Idan ana zancen karatu a Amurka, sunayen da suka fi zuwa baki su ne Harvard da Stanford da MIT. Amma miliyoyin ɗaliban ƙasar ba can suke ba. Suna wasu makarantu ne da ba a cika jin sunansu a waje ba, wato kwalejojin gwamnati na shekara biyu waɗanda Amurkawa ke kira community college, kwalejin al'umma. Akwai su kusan 1,000 a faɗin ƙasar, wasu a tsakiyar manyan birane, wasu a garuruwan da babu wata babbar makaranta sai su.

Ta farko a cikin na gwamnati ita ce Joliet Junior College a jihar Ilinoi. An buɗe ta a 1901 da ɗalibai shida, bisa shawarar William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Shikago na lokacin, da J. Stanley Brown, wanda ke riƙe da sakandaren garin. Tunaninsu shi ne yaro ya yi shekara biyun farko na jami'a a kusa da gida, sannan ya wuce. A 1947 kwamitin da Shugaba Truman ya kafa kan ilimi mai zurfi ya nemi a yawaita irin waɗannan makarantu, kuma a shekarun 1960 aka buɗe ɗaruruwansu. Yau jihar Kalifoniya kaɗai tana da kwaleji 116.

Mutane kan ce araha ba ta ado, su ɗauka cewa wanda ya rasa gurbin jami'a ne ke zuwa nan. Ni ban yarda da wannan ba. Eileen Collins, mace ta farko da ta jagoranci kumbon Amurka mai zuwa ya dawo a 1999, a Corning Community College ta fara. Darasin lissafi ko sinadarai na shekarar farko da ake koyarwa a nan, shi ne dai wanda ake koyarwa a jami'ar jihar, sau da yawa ma a aji mai mutum 25 maimakon zauren ɗaruruwa. Matsalar tana wani wuri daban. Shiga tana da sauƙi ƙwarai, fita da takarda ce ke da wuya. Kusan 80 cikin 100 na masu shiga suna cewa digirin jami'a suke nufi, amma binciken cibiyar CCRC ta Jami'ar Columbia ya nuna kimanin 16 cikin 100 ne ke samunsa cikin shekara shida. Da yawa daga waɗanda suka zube a hanya ba kwanya suka rasa ba. Tsari suka rasa, da kuɗin haya, da wanda zai gaya musu abin da za su yi kafin lokaci ya ƙure.

Mataki na farko: san irin takardar da kake nema

Kwalejin tana ba da takardu iri uku, kuma ba hanyarsu ɗaya ba. Akwai digirin Associate na wucewa jami'a, wanda ake taƙaitawa AA ko AS. Wannan shi ne rabin digirin jami'a: kiredit 60 (kiredit shi ne ma'aunin da ake lissafa darussan da ɗalibi ya ci) daga cikin 120 ɗin da cikakken digiri ke buƙata. Mafi yawan darussansa na share fage ne, irin su rubutun Turanci, lissafi, kimiyya, tarihi da zamantakewa, sai kuma darussan farko na fannin da ka zaɓa.

Akwai kuma AAS, digirin sana'a, wanda aka tsara don mutum ya gama ya kama aiki: walda, kanikancin mota, gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, kula da layukan kwamfuta. Sai satifiket na wata shida zuwa shekara ɗaya.

A nan ake fara tuntuɓe. Mutum ya ga kwas ɗin AAS mai suna daidai da abin da yake so ya karanta a jami'a, ya shiga, sai bayan shekara biyu jami'a ta ce ba ta lissafa yawancin darussan da ya yi, domin na aikin hannu ne, ba na manhajarta ba. Idan jami'a ce niyyarka, AA ko AS za ka nema. Idan aiki kake so da wuri, AAS ba abin raini ba ne. Mai digirin aikin jinya na shekara biyu yana zama jarrabawar NCLEX-RN ɗaya da wanda ya yi shekara huɗu, ya karɓi lasisi. Sai dai fannin jinya da sauran fannonin asibiti suna da gasa: an ɗauke ka kwaleji ba ya nufin an ɗauke ka wannan sashe. Sai ka fara cin darussan ilimin jikin ɗan'adam da makamantansu da maki mai kyau, sannan ka sake nema.

Mataki na biyu: zaɓi jami'ar kafin ka zaɓi kwalejin

Wannan ita ce shawarar da na fi so mai karatu ya riƙe, ko da zai manta da sauran. Tun ran gini tun ran zane. Ka zauna ka rubuta jami'o'i biyu ko uku da kake so ka ƙare a cikinsu, da fannin da kake so, sannan ka nemi kwalejin da ke da rubutacciyar yarjejeniya da su.

Dalili kuwa, babu wata doka ta ƙasa baki ɗaya da ta tilasta wa jami'a ta karɓi kiredit ɗin wata makaranta. Kowace jiha da nata tsarin. Ofishin binciken gwamnati na GAO ya fitar da rahoto a 2017 da ya nuna ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kimanin 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Kowane kiredit da ya zube kuɗi ne da watanni.

Wasu jihohin sun sauƙaƙa lamarin. A Fulorida, wanda ya gama AA a kwalejin gwamnatin jihar yana da tabbacin gurbi a ɗaya daga jami'o'in jihar, kuma darussan suna ɗauke da lamba iri ɗaya a duk makarantun gwamnati, don haka babu gardama kan ko wannan darasi daidai yake da wancan. Valencia College da ke Orlando tana da shirin DirectConnect da ke kai ɗalibanta Jami'ar Central Florida kai tsaye. A Kalifoniya akwai shafin ASSIST, inda za ka sa sunan kwalejinka da sunan jami'ar da fannin, ya nuna maka darasi bayan darasi wanne ake karɓa. Harabobi shida na Jami'ar Kalifoniya, wato Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz, suna da shirin TAG mai ba da tabbacin gurbi ga wanda ya cika sharuɗɗa. Harabobin Berkeley da Los Angeles (UCLA) da San Diego ba sa ciki, ko da yake suna ɗaukar ɗaliban kwaleji da yawa ta hanyar gasa, kuma Santa Monica College ta yi suna wajen tura ɗalibai UCLA. Bajiniya ma tana da yarjejeniyoyin tabbacin gurbi tsakanin kwalejojinta da jami'o'inta.

Ka karanta kalmar tabbaci da idon basira. Sau da yawa tabbacin na shiga jami'a ne, ba na shiga fannin da kake so ba. Injiniya da kimiyyar kwamfuta da jinya suna iya neman maki fiye da wanda yarjejeniyar ta ambata.

Abu na gaba shi ne tantancewa. Ka tabbata ɗaya daga hukumomin da jami'o'i suka amince da su ta tantance kwalejin, irin su HLC, SACSCOC, MSCHE, NECHE, NWCCU ko ACCJC. Kwalejojin gwamnati kusan duka suna da wannan. Waɗanda za ka yi hattara da su su ne makarantun 'yan kasuwa masu talla da kiran waya ba dare ba rana, masu tsada, waɗanda kiredit ɗinsu sau da yawa ba ya zuwa ko'ina.

Mataki na uku: takardun shiga

Ga mazaunin Amurka abin ba wuya. Yawancin kwalejojin ƙofarsu a buɗe take: takardar kammala sakandare ko ta GED mai maye gurbinta ta wadatar, ba a neman SAT, jarrabawar shiga jami'a, ba a neman dogon rubutu kan tarihin rayuwa, fom ɗin kuma a intanet ake cika shi cikin ƙanƙanin lokaci.

Wanda zai zo daga wata ƙasa yana da ƙarin aiki, kuma ya kamata ya fara da kamar wata tara zuwa shekara kafin lokacin. Zai aika sakamakon sakandare, wani lokacin sai wani kamfanin tantance takardu kamar WES ko ECE ya auna shi da ma'aunin Amurka. Zai nuna shaidar iya Turanci, TOEFL ko IELTS ko jarrabawar Duolingo, kuma makin da kwaleji ke nema yakan yi ƙasa da na jami'a. Wasu ma suna da ajin koyon Turanci ga wanda bai kai ba. Zai nuna takardar banki da ke tabbatar da kuɗin shekara guda, na makaranta da na zama. Idan komai ya cika, kwalejin za ta ba shi fom ɗin I-20, shaidar cewa ta ɗauke shi. Da shi zai biya kuɗin SEVIS, rajistar gwamnati ta ɗaliban waje, dala 350, ya cika fom ɗin neman biza na DS-160, ya biya kuɗin neman biza, dala 185, sannan ya je ganawa don bizar F-1, wato bizar ɗalibi. Ba kowace kwaleji ce ke da izinin ba da I-20 ba, don haka a fara tambayar wannan. Dokokin biza kuma suna sauyawa daga gwamnati zuwa gwamnati, har akan taƙaita ta ga 'yan wasu ƙasashe, saboda haka a duba shafin ofishin jakadancin Amurka kafin a biya ko sisi. Cibiyoyin EducationUSA, na ma'aikatar harkokin wajen ƙasar, suna ba da shawara, kuma sun fi dillalai masu alkawarin gurbi da biza a faifai ɗaya.

A wurin ganawa jami'in biza zai iya tambaya: me ya sa kwalejin shekara biyu? Wanda ya yi mataki na biyu yana da amsa a bakinsa, da sunan jami'a da sunan fanni.

Mataki na huɗu: lissafin kuɗi

Ɗan yankin da kwalejin take yana biyan kimanin dala 4,000 a shekara idan aka ɗauki matsakaici, alhali jami'ar gwamnati tana karɓar sama da dala 11,000 daga ɗan jihar. A Kalifoniya dala 46 ce kowane kiredit ga mazaunin jihar. Arahar ta samo asali ne daga harajin jiha da na ƙaramar hukuma, shi ya sa wanda ba mazauni ba yake biyan ninki biyu ko uku ko fiye. A Kalifoniyar dai, baƙo yana ƙara fiye da dala 300 a kan kowane kiredit. Yawancin jihohi suna neman mutum ya shekara a cikinsu kafin a lissafa shi mazauni, mai bizar F-1 kuwa galibi ba a sa shi a wannan sahu komai daɗewarsa.

Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin da ɗan gudun hijira su cika fom ɗin FAFSA, kyauta ne, kowace shekara. Ta nan ake samun tallafin Pell, wanda ba a biya, kuma iyakar abin da mutum ɗaya zai iya samu dala 7,395 ne a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025. Ga mai ƙaramin ƙarfi wannan yakan rufe kuɗin kwaleji har ya bar na littattafai. Jihohi da dama suna da shirin karatu kyauta, irin Tennessee Promise da ya fara ɗaukar ɗalibai a 2015. Mai bizar F-1 ba ya samun tallafin gwamnatin tarayya, sai ɗan abin da gidauniyar kwalejin ke bayarwa. Ya nema dai, domin wasu tallafin suna nan ba mai nema.

Kuɗin makaranta ba shi ne babban nauyi ba. Haya ce, da abinci, da mota, da inshorar lafiya wadda kwalejoji da yawa ke wajabta wa baƙi. Kwaleji mai araha a birni mai tsadar haya tana iya fin mai ɗan tsada a ƙaramin gari cin aljihu. Kada kuma baƙo ya gina lissafinsa a kan aikin da zai yi. Doka ta yarda masa awa 20 kawai a mako lokacin karatu, a cikin harabar makaranta, guraben kuma ba su da yawa. Aiki a waje ba tare da izini ba yana iya soke zamansa gaba ɗaya.

Mataki na biyar: gwaji, mai ba da shawara, rajista

Bayan an ɗauke ka, za a auna matakinka a Turanci da lissafi, ko dai da jarrabawa irin Accuplacer ko da sakamakon sakandare. Ba a faɗuwa wannan jarrabawa, shi ya sa mutane ke shiga ba shiri. Kuskure ne babba. Wanda makinsa ya yi ƙasa za a iya sa shi ajin gyara, wanda ake biya masa kuɗi amma ba ya shiga lissafin kiredit 60.

Ɗauki misalin mai son injiniya. Jami'a tana so ya zo da darasin lissafi mai zurfi, wato Kalkulas, na ɗaya da na biyu da na uku, kowanne zango guda, kuma ba a shiga na biyu sai an ci na ɗaya. Fiziks ɗin injiniyoyi ma ba a shigarsa sai da Kalkulas na ɗaya a hannu. Idan ya fara Kalkulas a zangon farko, zai gama jerin a zango na uku, ya rage masa ɗaya. Idan gwaji ya mayar da shi mataki biyu baya, ya ƙara shekara guda cur tun bai zauna a aji ba. Mako biyu na bitar aljabara kafin gwajin zai iya raba shi da wannan. Wasu jihohin sun gane illar, Kalifoniya ta yi doka a 2017 mai lamba AB 705 wadda ta rage tura ɗalibai ajin gyara, amma ba ko'ina haka take ba.

Daga nan sai wurin mai ba da shawara kan karatu. Ma'aikaci ɗaya yakan riƙe ɗaruruwan ɗalibai, ba zai neme ka ba, kai za ka neme shi. Ka je da sunan jami'ar da fannin a rubuce, ka roƙi a tsara maka darussan zango huɗu duka a takarda, ba na zangon farko kaɗai ba. Ka kuma rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da kake nufi, ka ajiye amsarsu. Matambayi ba ya ɓata.

Sai maganar adadin kiredit, wadda ke ruɗa mutane da yawa. Darasi ɗaya galibi kiredit 3 ne, wato kamar awa uku a aji kowane mako, mai ɗakin gwaji kuma 4. Wanda ya ɗauki 12 a zango ana kiransa cikakken ɗalibi, kuma shi ne mafi ƙarancin abin da mai F-1 zai ɗauka, darasi ɗaya tak daga ciki ake yarda ya zama na intanet zalla. Amma 12 sau huɗu 48 ne, ba 60 ba. Mai son gamawa a shekara biyu sai ya ɗauki 15 kowane zango, ko ya cike giɓin da zangon bazara. A gefe guda, ƙa'idar da malamai ke bi ita ce kowace awa ɗaya a aji tana buƙatar awa biyu na nazari a gida. Kiredit 15 ke nan awa 45 a mako. Wanda ke aikin awa 40 yana ciyar da iyali, gara ya ɗauki 6 ko 9 ya ci su da kyau da ya ɗauki 15 ya zubar da rabi. Wasu makarantun, kamar na jihar Washinton da De Anza College, suna raba shekara gida huɗu, a can digirin kiredit 90 ne.

Ka yi rajista ranar da aka buɗe. Darussan da kowa ke buƙata suna cika da wuri.

Makon farko

Zangon kaka yana farawa ƙarshen Agusta ya ƙare a Disamba, na biyu daga Janairu zuwa Mayu, kowanne mako 15 ko 16. A ranar farko kowane malami zai ba da takardar tsarin darasi. Ka karanta ta kamar yarjejeniya, domin haka take. A ciki za ka ga yadda ake raba maki, kuma wanda ya saba da tsarin da jarrabawar ƙarshe ke ɗauke da komai zai sha mamaki: aikin gida na mako mako, ƙananan gwaje-gwaje, halartar aji da tofa albarkacin baki, duk suna da kaso. Wanda ya yi sanyin jiki a watan farko ba lallai ya farfaɗo ba.

Ranaku biyu za ka sa wa alama. Ta farko ita ce ranar ƙarshe ta ajiye darasi a mayar maka da kuɗinka, yawanci a mako na ɗaya ko na biyu. Ta biyu ita ce ranar ƙarshe ta janyewa da harafin W, wanda ba ya taɓa jimillar makinka. Wanda ya daina zuwa aji kawai bai cika takardar janyewa ba yana iya tashi da F, wato faɗuwa. Ana lissafin maki a kan 4.0, A huɗu, B uku, C biyu, kuma jami'o'i galibi ba sa karɓar darasin da ya gaza C. Mai cin tallafin gwamnati dole ya riƙe 2.0 ya kuma ci kimanin kashi 67 na darussan da ya yi wa rajista, don haka W ma idan ta yi yawa tana da illa. Mai F-1 kuwa kada ya ajiye ko darasi ɗaya sai ya ga jami'in kula da ɗaliban waje.

Kafin ka sayi littafi, tambayi malamin. Sabon littafi ɗaya yana iya haura dala 100, amma akwai na hannu, akwai na haya, akwai kwafin da aka ajiye a laburare, kuma malamai da yawa sun koma littattafan kyauta irin na OpenStax. Kwafar rubutun wani ba tare da ambaton mai shi ba laifi ne da ake korar mutum a kansa, ba a karɓar uzurin rashin sani.

Yadda rayuwar harabar take

Wanda ya zo da hoton jami'ar da ake gani a talabijin, da ɗakunan kwana da shagulgula, zai ga wani abu daban. Yawancin kwalejojin ba su da ɗakin kwanan ɗalibai. Daga gida ake zuwa, a koma gida. Kusan biyu bisa uku na ɗaliban ba cikakken lokaci suke karatu ba, kuma matsakaicin shekarunsu ya haura 25.

Leƙa ajin ƙarfe shida na yamma ka gani. Ga mace da rigar aikin asibiti, daga wurin aiki ta wuto. Ga tsohon soja da gwamnati ke biya wa karatu. Ga yarinya 'yar shekara 17 wadda ba ta gama sakandare ba amma tana tara kiredit tun yanzu. Ga magidanci mai furfura da aka rufe masana'antarsu, yana koyon sabuwar sana'a. Malamin kansa wataƙila akanta ne da rana, domin da yawa daga malaman na wucin gadi ne. Ana tashi daga aji, cikin minti goma filin ajiye motoci ya yi fayau, wannan ya tafi ɗauko yara, wancan ya tafi aikin dare.

Wannan cakuɗa tana da daɗi a muhawarar aji, domin kowa da abin da ya gani a rayuwa. Amma tana da kaɗaici, musamman ga baƙo. Babu wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ya ce zo mu je. Idan ka shiga aji ka fita ka hau bas, za ka iya shekara ba ka san sunan kowa ba, ran da abu ya cakuɗe maka kuma babu wanda zai lura ka daina zuwa. A ganina wannan ya fi wuyar darasi kayar da mutane.

Maganinsa shi ne ka ƙirƙiro wa kanka dalilin zama a harabar bayan aji. Cibiyar taimakon karatu kyauta ce, akwai masu zama da kai kan lissafi da masu duba maka rubutu, kuma masu neman A sun fi masu gudun F cika ta. Kowane cikakken malami yana da sa'o'in da yake zaune a ofis don ɗalibai, sau da yawa shi kaɗai. Ka je, ko da tambaya ɗaya ce. Wannan malamin ne zai rubuta maka takardar shaida ran da za ka nemi jami'a ko tallafi, kuma ba zai iya yabon wanda bai sani ba. Aikin harabar, a laburare ko ɗakin kwamfuta, yana haɗa ka da ma'aikatan da suka san inda kowace dama take.

Akwai ƙungiyoyi: majalisar ɗalibai, jaridar makaranta, ƙungiyar ɗaliban waje, ta 'yan Afirka, ta Kiristoci, da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSA a kwalejoji da dama. Wasu harabobin suna da ɗakin ibada na kowa da kowa, darussa da yawa kuma Litinin da Laraba ne ko Talata da Alhamis, don haka mai son ya keɓe azahar ɗin Juma'a zai iya tsara jadawalinsa tun wurin rajista. Wanda makinsa ya kai wajen 3.5 akan gayyace shi Phi Theta Kappa, ƙungiyar zaƙaƙuran ɗaliban kwalejojin shekara biyu da aka kafa a 1918, kuma jami'o'i da yawa suna da tallafi na musamman ga mambobinta. Wasanni ma suna nan, a ƙarƙashin hukumar NJCAA a yawancin jihohi, masu horarwa na jami'o'i kuma suna zuwa farautar 'yan wasa.

Kada kunya ta hana ka abin da aka tanada dominka. Kwalejoji da yawa suna da rumbun abinci kyauta ga ɗalibai, da katin bas mai rangwame, da wurin renon yara, da tallafin gaggawa, da ofishin masu buƙata ta musamman. Irin wannan taimako ba ƙaramin tasiri yake da shi ba. Shirin ASAP na kwalejojin birnin Niyok, wanda aka fara a 2007, ya haɗa wa ɗalibai katin sufuri da kuɗin littattafai da ganin mai ba da shawara a kai a kai, bincike kuma ya nuna adadin masu kammalawa cikin shekara uku ya kusan ninkawa. Idan kwalejinka tana da makamancinsa, ka shiga tun zangon farko.

Iyaye su san wani abu: dokar FERPA ta 1974 ta hana kwaleji nuna musu sakamakon ɗansu haka kawai, ko da su ke biya. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗalibin ya sa hannu a takardar izini.

Mataki na ƙarshe: fita

Shirin fita yana farawa ne a zango na uku, ba na huɗu ba. Mai nufin Jami'ar Kalifoniya yana cika takardar TAG a watan Satumba, neman gurbin kuma yana rufewa ƙarshen Nuwamba, kusan shekara guda kafin ya shiga. Mafi ƙarancin makin da suke karɓa 2.4 ne ga mazaunin jiha, 2.8 ga wanda ba mazauni ba, amma harabobin da ake rububinsu suna ɗaukar masu maki sama da haka nesa ba kusa ba. Sauran jami'o'i da yawa suna rufewa tsakanin Fabrairu da Afrilu. Tallafin masu wucewa jami'a ma da wuri ake nemansa. Na gidauniyar Jack Kent Cooke yana kaiwa dala 55,000 a shekara, gasarsa kuma mai zafi ce.

Ka gama digirin Associate ɗin kafin ka wuce, in dai da hali. Yarjejeniyoyi da yawa a kansa aka gina su, kuma idan rayuwa ta tsayar da kai a jami'a, kana da takarda a hannu. A kwalejoji da dama ba a ba da digirin haka kawai, sai ka cika takardar neman kammalawa kafin wata rana da aka tsayar. Ka biya duk wani ɗan bashin da ke kanka, ko na laburare ne, sannan ka sa ofishin rajista ya aika takardar sakamakonka kai tsaye zuwa jami'ar, sau ɗaya lokacin nema, sau ɗaya bayan makin ƙarshe ya fito.

Mai bizar F-1 yana da zaɓi biyu. Zai iya neman izinin OPT ya yi aikin wata 12 a fanninsa bayan digirin Associate, ko ya wuce jami'a kai tsaye. Idan wucewa zai yi, jami'in ɗaliban waje na kwalejin ne zai mayar da bayanansa na SEVIS zuwa sabuwar makarantar, ita kuma ta ba shi sabon I-20.

Da jami'ar ta aiko maka da lissafin kiredit ɗin da ta karɓa, ka zauna ka gwada shi da takardar sakamakonka layi bayan layi. Idan an ƙi wani darasi, ko an lissafa shi a matsayin na cike gurbi maimakon na fanninka, kana da damar ɗaukaka ƙara, kuma abin da za a nema a wurinka shi ne takardar tsarin darasin da malamin ya raba a ranar farko. Saboda haka ka ajiye ta kowane darasi, a takarda da kuma a kwamfuta, har sai jami'ar ta kammala lissafinta.